ZANEN DA KE WUYAN RANDAR IYA

Yau na ajiye labarin soyayya da na saba kawo maku a littattafaina, zan ba ku labarin wani tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar randa, wanda faɗinsa bai wuce tafin hannuna ba. Yana nan a ƙasan akwatina, na naɗe shi cikin ɗankwali tare da 'yan kunnena na zinari. Duk ƙawar da ta gani sai ta bushe da dariya, ta ce ni kam ban rabo da abin mamaki. To ku biyo ni a sannu ku ji dalili, in na gama wadda ta ga abin dariya ne sai ta yi abinta.

Ni dai an haife ni a wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Batsari da Safana, gab da dajin Rugu. Kakata wadda ta haifi innata, da muke kira Iya, maginiyar tukwane ce, a wajen mahaifiyarta ta koya. Tun ina 'yar mitsitsiya nake bin ta bakin rafi da rani ɗebo yumɓu. In mun dawo sai ta jiƙa shi ya kwana, ta daka tsofaffin tsingaro su yi laushi ta zuba a ciki, domin ta ce yumɓun da bai da tsohuwar tukunya a jikinsa fashewa yake in ya ji wuta. Daga nan ta kifa wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka, ta shimfiɗa yumɓun a bayanta tana bubbugawa har ya ɗauki kama. In ya sha iska ta ɗaga ta juya, ta ɗora kafaɗa da wuya da baki da hannunta, sannan ta ɗauko wani ɗan dutse mai santsi ta yi ta goga har jikin ya riƙa sheƙi. Ranar toyi kuwa matan unguwa masu sana'ar ke haɗa tukwanensu wuri guda a bayan gari, a lulluɓe da karan dawa da kandilo, a cinna wuta da yamma, da safe kowa ta zo ta tsinci nata.

Abin da ya fi burge ni a lokacin shi ne zane. Kafin tukunya ta bushe Iya kan ɗauko totuwar masara ta mirgina a kafaɗarta, sai ka ga wani ado ya fito kamar saƙar zuma. Ta ɗauki tsinke ta ja layi mai lanƙwasa ya zagaye wuya. Wani lokaci ta murza igiya ta danna, wani lokaci da farce ko da ɗan yatsa. Ni a ganina duk kwalliya ce kawai, irin ta lalle a ƙafa, ban taɓa tambayar ta ba, ita ma ba ta taɓa ce mani komai ba.

Da na gama sakandare aka sa ranar aurena, cikin 2009, kuma birnin Katsina za a kai ni. Ku da kanku kun san yadda kan yarinya ke rawa a wannan lokaci. Ba abin da ke raina sai tangaran da kuloli da kwanukan samira da firji, kada dangin miji su zo ganin ɗaki su ce an kawo masu 'yar ƙauye. Ana saura kwana huɗu biki Iya ta aiko a kira ni. Na same ta a ƙofar ɗakinta ta tasa wata randa a gaba, ja jawur, sabuwa ful, wuyanta duk zane.

Ta ce, "Ke kishiya, matso ki ga abin da na gina maki. Wata biyu ina fama da ita."

Na kalli randa, na kalli Iya, na turo baki na ce, "Haba Iya! A birni fa zan zauna. Ina zan kai wannan? So kike a yi mani dariya?"

Ta ɗan yi shiru, sannan ta yi murmushi ta ce, "Tau, ba komi. Birni ma da ƙishirwa. Tana nan ɗakina, ranar da kika so ta kin san hanya."

Wallahi ko taɓa randar ban yi ba, na juya na koma wajen ƙawayena ana ta shirin kamu. Aka kai ni Katsina da mota cike da kaya, randa kuwa tana ƙuryar ɗakin Iya. Duk zuwan da na yi gida bayan nan ina ganin ta, har ruwanta ina sha, in ji sanyinsa har cikin kaina, amma girman kai bai bar ni na ce a ɗora mani ita a mota ba. Kullum sai in ce wani zuwan.

Abin da ya faru da yankinmu ba sai na tsaya yi maku dogon bayani ba. Tun abin yana satar shanu har ya koma ɗaukar mutane da ƙone gari. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, duk a ƙasar Batsari, kuma bayan wannan ne mutanen ƙauyenmu suka ga zama ba nasu ba ne. Da asuba suka fito, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Iya a bayan babur aka goyo ta zuwa cikin garin Batsari, daga ita sai zanen jikinta da carbinta. Wa zai tsaya ɗaukar randa ana gudun ceton rai?

Daga baya na ɗauko ta ta dawo wajena. Na yi mata duk abin da zan iya, amma abu ɗaya ya gagare ni, shi ne ruwan sha. In na ba ta na firji ta ce yana sare mata haƙori, in babu wuta na ba ta na jarka ta ce warin roba yake. Wata rana na ji tana cewa ɗiyata, "Uwarki ta ƙi randa, ga shi ta bar mu da ruwan da bai kashe ƙishirwa." Cikin wasa ta faɗa, irin na kaka da jika, amma maganar ta soke ni. Na aika kasuwa aka sayo wata randa, ta shafa wuyanta da hannu, ta ƙwanƙwasa ta saurari ƙarar, ta ce, "Ta toyu, sai dai mai ita ba ta ce komi ba." Ban gane nufinta ba, kuma ban tambaya ba, nan ma na sake yin sakaci. Cikin 2021 Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Bayan shekara guda ƙanena ya bi wasu mutanenmu suka leƙa ƙauye duba gonaki. Ya tarar damina ta kayar da ɗakin Iya, rufin ya faɗo kan randar ya ragargaza ta. Ya tona ya ɗauko ɓallin wuyanta ya sako a aljihu, ya kawo mani ya ce, "Yaya, ga gadonki." Na karɓa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

Tsingaron yana ajiye har ranar da wata ƙanwar maigidana ta zo hutu. Ita tana karatu ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a sashen masu tono kayan tarihi daga ƙarƙashin ƙasa. Tana ganin sa ta karɓa tana jujjuyawa kamar ta samu gwal, ta ce, "Anti, ai irin wannan muke wuni muna wankewa muna aunawa a makaranta." Na ce to me ake samu a jikin fasasshiyar tukunya? Sai ta buɗe wayarta ta shiga nuna mani hotuna, muka raba dare muna hira. Daga abin da ta nuna mani da wanda na bi na karanta daga baya ne zan ɗan gutsura maku.

Kafin wani Bature mai suna Kolumbus ya isa nahiyar Amurka a 1492, akwai al'ummu a can da garuruwansu da sarakunansu da sana'o'insu. Daga cikinsu akwai mutanen Moce, waɗanda suka zauna a gaɓar teku a arewacin ƙasar da ake kira Peru yau, daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 800 miladiyya. Mutanen nan ba su bar rubutu ba ko layi ɗaya. Amma sun bar butoci da tukwane dubbai, masu launin ja da fari-fari, kuma a jikinsu suka zana kusan duk rayuwarsu: masunta cikin jirgin ciyawa, mayaƙa, masu magani, mace na haihuwa ungozoma na karɓa. Wata butar an gina ta da siffar masara, wata gyaɗa, wata dankali, wata kuma fuskar mutum ce sak, har da tabon da ke leɓensa. Akwai wani zane da suke yawan maimaitawa, mai kama da matakala da igiyar ruwa ta naɗo a kanta, wanda masana da dama ke fassarawa da dutse da ruwa, domin ƙasarsu hamada ce, rayuwarsu duk ta rataya ga kogunan da ke gangarowa daga duwatsu zuwa teku. Yau akwai gidan tarihi na Larco a birnin Lima, wanda asalinsa aka kafa a 1926, cike da irin waɗannan kaya, mutane na biyan kuɗin jirgi daga ko'ina don su je kallo.

Can arewa kuma, a jihar New Mexico ta ƙasar Amurka, an yi wasu mutane da ake kira Mimbires, wajen shekara ta 1000 zuwa 1130. Su akussan yumɓu suke yi, farare da baƙin zane, su zana zomo ko kifi ko tsuntsu a tsakiya, su kewaye da layuka sirara kamar an ja da ma'auni. Da yawa daga cikin akussan a kaburbura aka same su, an huda gindinsu an kifa a kan mamaci. Kun ga ke nan a wajensu kwanon ya wuce na cin tuwo.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne yadda aikinsu ya yi kama da na Iya. Su ma ba su da injin juya tukunya, da hannu suke gini ko su danna yumɓu a jikin wani abin da ya riga ya bushe ya ɗauki kamarsa. Su ma da dutse suke goge jiki ya yi sheƙi. Teku ya raba mu, ba su san da mu ba, ba mu san da su ba, amma hannu ya bi hanya ɗaya. Sannan yarinyar nan ta nuna saƙar zumar da ke jikin tsingarona ta ce, "Anti, kin san wannan ma daga can ya zo?" Ashe masara asalinta daga ƙasar Meziko ne, can aka fara noma ta shekaru kusan 9,000 da suka wuce, kuma ba ta shigo Afirka ba sai bayan 1492, kamar yadda gyaɗa da rogo da tumatir da barkono duk daga wannan nahiya suka zo mana. Saboda haka in masu tono suka ga sawun totuwa a jikin tsingaro a ƙasashenmu, sun san tukunyar ba ta kai shekara 600 ba. Na riƙe baki. Iyata da ko Kano ba ta taɓa zuwa ba, ashe da amfanin gonar mutanen Meziko take yi wa tukwanenta ado.

Kada ku zaci sai a ƙasashen waje ake da irin wannan. A nan kudancin jihar Kaduna, a garin Nok, masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunkin yumɓu a 1928, kuma daga nan aka gano wata tsohuwar al'umma da ta fara tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. A 2021 masana daga jami'o'in Bristol da Frankfurt suka bayyana cewa sun auna tsingaron tukwanen Nok sun samu kakin zuma a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku, wato shekara 3,500 ke nan tukunya ba ta manta abin da aka zuba mata ba. A nan jiharmu ma an tona kaburburan sarakunan da a Durɓi-ta-Kusheyi ta ƙasar Mani, a 1907 da kuma 1992. Kayan yumɓu na da kuwa da ake samu a ƙasar Katsina da Sakkwato sun sha sata ana fita da su waje, har ta kai a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

In kuma kuna son ganin darajar maginiya, ku ɗauko naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a wajen gwaggonta, ba ta yi boko ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara tukwanenta a fadarsa, a nan wani Bature Michael Cardew ya gan su, kuma a 1954 ta shiga makarantarsa ta koyon ginin tukwane a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu. Kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi take zanawa a jikin tulunanta. Ta je Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta rasu a 1984. Mu a ƙasar Hausa maginanmu ba su cika zana mai rai ba, sun fi ƙarfi a layi da ɗigo da kewaye, irin dagin da muke gani a jikin soraye da wuyan riga. Wannan ne ma ya sa muke wuce zanen namu ba mu lura ba, muna zaton ba ya cewa komai.

Da hutun ya ƙare na shirya na tafi Batsari wajen innata da tsingarona. Na miƙa mata na ce, "Inna, don Allah me Iya ta zana a nan?" Ta karɓa ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sai yau kika tambaya?"

Ta nuna saƙar totuwa ta ce wannan don riƙo ne, jiƙaƙƙiyar tukunya santsi gare ta, in babu kaushi a kafaɗa sai ta suɓuce. Ta nuna layin nan mai lanƙwasa ta ce Iya na kiran sa hanyar rafi, kuma a kan randa da tulu kaɗai take ja, ba ta sa wa tukunyar miya, fata ne kada mai ita ta rasa ruwa a gidanta. Ta nuna wasu gajerun layuka uku a ƙarƙashin baki ta ce wannan ce lambarta, da ita take gane nata ranar toyi in an haɗa da na sauran mata, kuma lambar mahaifiyarta ce ta gada. Sai ta kai yatsa kan wasu ɗigo da aka danna da babban yatsa a jere, muryarta ta fara rawa.

Ta ce, "Wannan ba ta yin sa a kayan kasuwa, sai randar auren 'ya'yanta. A tawa uku ta danna, kakata da ita da ni. Ƙirga naki."

Na ƙirga, huɗu. Ta ce, "Na huɗun ke ce." A gefensa kuma akwai wani ɗan kewaye da aka ja da tsinke, ba a danna cikinsa ba. Inna ta ce, "Wannan gurbin ɗiyar da za ki haifa ne, ta bar maki shi fili."

Jama'a, ashe wasiƙa tsohuwar nan ta rubuta mani, ita da ba ta san ko bihim a boko ba, ni mai takardar sakandare, mai rubuta littafi, na kasa karantawa, na ma ƙi karɓa. A ranar na gane abin da take nufi da ta ce randar kasuwa mai ita ba ta ce komi ba. Mutanen Moce ba wanda ya rage da za a tambaya, dole masana su yi ta auna zane da zane suna hasashe. Ni kuwa tawa mai zanen ta yi shekara goma sha biyu a raye bayan ta gina randar, har a gidana ta zauna, ban buɗe baki ba.

Ban ce ku zubar da firjinku ko kulolinku ba, ni ma ina da su. Amma ki sani randa na sanyaya ruwa ne saboda jikinta na da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa iska na busar da shi, zafin na tafiya, ba ruwanta da wuta ko kuɗin mai. Da wannan hikimar ce wani malami ɗan Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Ki ajiye ɗaya a inuwa a gidanki, kuma in kin je saye kada ki yi wa maginiya tayin wulaƙanci, da yawansu a yankinmu sun baro rafin da suke ɗebo yumɓu ba da son ransu ba.

Wadda kuma Allah Ya bar mata tsohuwa a gida, ta ɗauki tsohuwar ƙwarya ko faifai ko tukunyar da ke ƙuryar ɗaki ta je ta zauna kusa da ita ta tambaye ta sunan kowane zane da dalilinsa, ta samu littafi ta rubuta. Kowace maginiya da sunan da take kiran nata, na Safana daban, na wani gari daban, kuma in ta tafi da shi ta tafi ke nan. In an tono wani abin yumɓu na da a gonarku, kada a fasa, kada a sayar wa 'yan ƙetare da shi, a kai gidan tarihi na Katsina.

Ɗiyata yanzu shekararta goma sha uku. Na nuna mata kewayen nan na ce ga wurinki, ta sa ɗan yatsanta a ciki ya zauna daidai. Na kuma yi magana da wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu da ke zaune a Batsari, wadda suka yi toyi tare da Iya, ta yi mani alkawarin in da rai da lafiya za ta gina mata randar aure, da layuka uku a ƙarƙashin baki da ɗigo biyar. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, ku huta lafiya.